Mutanen Bencin Mai Shayi da Takobin Kenshin

Baƙo a Garwa zai ɗauka cewa idan an idar da isha'i, zafin gari ya ɗan saki mutane, ba a kallon komai a teburan shayi sai ƙwallo da fim ɗin Indiya mai fassara. Akwai na uku: zanen Japan mai motsi, wanda samari ke kira anime, dattawa kuma ke kira katun suna yamutsa fuska, alhali sun riga sun gyara zama. A cikin waɗannan zane-zane akwai wani tsoho da ya ƙi mutuwa, Rurouni Kenshin, wanda masu Faransanci suka sani da Kenshin le vagabond, 'yan'uwanmu na Yola kuma da Samurai X.

Nobuhiro Watsuki ne ya zana shi a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1994 zuwa 1999, littafi 28. Talabijin ya ɗauka daga 1996 zuwa 1998, a 2023 kuma aka sake yin sa sabo fil. Labarin wani makashi ne da ya zubar da jini a yaƙin da ya kifar da mulkin gidan Tokugawa, daga baya ya tuba, ya rantse ba zai ƙara kisa ba, ya shiga yawon duniya da takobi mai kaifi ta baya. A 1878 ya yada zango a Tokyo, gidan wata marainiya mai suna Kaoru da ta gaji makarantar koyon takobi. Daga nan 'yan daba da dillalan ƙwaya da tsofaffin abokan gaba suka yi ta yi masa sallama. Labarin ke nan a allo. A benci kuwa, kowa da Kenshin ɗinsa.

Ba a farawa sai tafinta ya iso. Maganar da ke fitowa Japananci ce, rubutun ƙasa Faransanci, masu zama kuma rabi Fulatanci suke ji, rabi Hausa, saboda haka kowa a hannunsa yake. Idan Kenshin ya buɗe baki ya rufe, tafinta zai kwashe minti guda yana zuba. A bakinsa samurai na rantsuwa da wallahi tallahi, 'yan sandan Tokyo na neman na goro. Idan rubutu ya wuce shi da sauri, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Wannan gaisuwa ce kawai suke yi." Rabin siyasar Japan ta zamanin Meiji a cikin gaisuwar nan aka binne ta. Burinsa ɗaya a duniya, masu fassarar Algaita na Kano su ji labarinsa.

Kusa da shi akwai wanda ya riga ya gani. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, kowace unguwa da nata, daga Yelwa har Fumfumre. Sabon mutum na bayyana a allo zai ce, "Kada ku saba da wannan, ba zai kai kashi na gaba ba." An sha korar sa, ya sha dawowa.

Malamin tarihi shi ne wanda na fi tausayawa, domin shi kaɗai ya san cewa rabin abin gaskiya ne, kuma ba wanda ya tambaye shi. Da rana yana fama da ɗalibai a makarantar sakandare, da dare yana fama da mu. Zai sa a tsayar da hoto don ya shaida wa jama'a cewa a 1876 gwamnatin Japan ta hana samurai yawo da takobi, a 1877 Saigo Takamori ya yi tawaye aka murƙushe shi, jigon gwamnati Okubo Toshimichi kuma da gaske an kashe shi ranar 14 ga Mayu 1878, ko da yake ba yaron nan mai murmushi na cikin katun ne ya kashe shi ba. Idan Saito Hajime ya bayyana, ɗan sandan nan mai taba a baki da fuskar marasa imani, malam zai miƙe tsaye. "Wannan mutum ne na gaske! Ya mutu a 1915, shekarar da Ingila da Faransa suka karɓe Garwa daga hannun Jamus!" Sai wani ya ce, "Malam, Allah ya jiƙan musulmi, zauna ka tare mana."

Amma akwai wurin da ake sauraron sa. Shi ne inda dillalin ƙwaya Takeda Kanryu, wanda bai iya riƙe ko wuƙar yanka albasa ba, ya jawo bindiga mai ruwan harsashi ya zubar da jarumai huɗu da suka ƙare rayuwarsu suna koyon faɗa. A nan malam ba ya ihu. Yana cewa a hankali haka aka yi wa mahayan Lamiɗo Zubairu na Adamawa, bayan Turawan Ingila sun kore shi daga Yola a 1901: sojojin Jamus suka tare su a nan Garwa a ƙarshen wannan shekarar, hafsan Jamus Hans Dominik ya sake tarar su a Miskin kusa da Marwa a Janairun 1902, dawakai da takubba da masu a gefe ɗaya, bindigar inji a ɗaya gefen. Tafinta kansa yakan yi shiru a wurin, abin da ba ya yi ko a ta'aziyya.

Sai tsohon bafade, wanda ya yi shekaru yana hawa a bayan Lamiɗo ranar Sallah. Shi ba labari ya zo ji ba, duba kayan aiki ya zo yi. Ranar da aka yi masa bayanin takobin Kenshin, cewa kaifin yana ta wajen mai riƙewa, dakusasshen gefe kuma ta wajen abokin gaba, ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce, "Maƙerin da ya yi wannan a kai shi gaban alƙali." Aka ce masa da gangan aka yi, don kada ya kashe mutum. Ya ce to ai sanda ta ishe shi, me ya kai shi ɓarnar ƙarfe? Ƙorafinsa na biyu ya fi na farko nauyi: ina dawakan? Jarumin da ya tashi daga Tokyo zuwa Kyoto a ƙasa, a wajen Baba bafade, ko talaka ne ko an ƙwace masa sarauta. Na lura dai duk lokacin da 'yan sanda suka tare Kenshin a kan dokar hana takobi, Baba ba ya cewa uffan. Nasa takobin yana rataye a ɗaki, ana shafa masa mai, yana fitowa Sallah ƙarama da babba da ranar da minista ya zo gari. A duk bencin shi kaɗai ne samurai, shi ne kuma ya fi kowa raina katun ɗin.

Goggo ba ta kallo. Ta faɗa da bakinta. Ƙosai take soyawa a gefe, kuma kaskonta ne kawai ya juyo ta wajen allo. Tambayarta ta farko a kan tabon kumatun Kenshin ne, mai tsaga biyu a gicciye. Ta san zanen Barebari, ta san na Gobirawa, wannan fa na wace ƙabila ne? Da aka ce sara ne, ta ce to wanzaminsa ya fi na wasu iya aiki. Tambaya ta biyu ita ce ta hana ta barci. "Ku dakata. Yaron nan a gidan yarinyar nan yake kwana? Ba waliyyi, ba sadaki, ba goro?" Abin da ya wanke shi a idonta shi ne ta gan shi tsugune yana wanki, yana dafa abinci, ita kuwa Kaoru girkinta ba ya ciyuwa. Goggo ta yanke hukunci cewa irin wannan miji ba a barin sa ya kwana a kasuwa. Ranar da mai ɓata labari ya raɗa mata cewa a ƙarshe sun yi aure har da ɗa namiji, Kenji, ta ba shi ƙosai kyauta. Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa aka gode masa.

Ustaz yana zuwa ne da niyyar yin nasiha a kan ɓata lokaci, sai ya tsaya a tsaye, sai ya jingina, sai a matsa masa. Ya yarda ƙofar tuba a buɗe take, har yana gyaɗa kai idan Kenshin ya ƙi kisa. Matsalarsa diyya ce. Mutum ya kashe jama'a ba adadi, ya zo yana wanki a gidan mutane, iyalan mamatan fa? Ya taɓa ƙoƙarin lissafa raƙuma, ya bari da ya ga duk Japan ba ta da su.

'Yan moto kuwa, waɗanda a tsallake ake kira 'yan acaba, Sanosuke ne gwaninsu: ƙato mai ɗaure da jan ƙyalle a goshi, mai faɗa don a biya shi, wanda ke cin naman gidan abinci na Akabeko bashi bai taɓa biya ba. Wannan hali na ƙarshe shi suka fi ɗauka da muhimmanci. Idan mai shayi ya buɗe littafin bashi, sai ka ji an ce, "Haba maigida, ko a Japan ana ɗaga wa jarumi ƙafa."

A kowane benci kuma akwai lauyan mugu. Nasa gwanin Shishio Makoto ne, wanda gwamnati ta yi amfani da shi ta harbe shi ta cinna masa wuta, ya tashi naɗe da bandeji daga kai har ƙafa yana neman kifar da ita. Lauya zai ce mutumin nan an zalunce shi, kuma ya faɗi gaskiya, duniya ta mai ƙarfi ce. Yawanci lauyan nan siriri ne, kuma ƙaninsa na iya kayar da shi. Abin da ke kashe masa baki zancen gumi ne. Ƙunar ta hana jikin Shishio fitar da gumi, saboda haka ba ya iya faɗa fiye da minti 15 kada jikinsa ya kama da wuta. Mutanen garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu sun ɗauki wannan batu da zurfi. An cim ma matsaya cewa da a Garwa aka yi karon, Kenshin ba sai ya zare takobi ba, ya ce masa kawai su haɗu a bakin babbar kasuwa da azahar.

Akwai kuma mai neman dangi. Tun da ya ji labarin Yasuke, baƙar fatar da ya isa Japan a 1579 tare da wani limamin Kirista ɗan Italiya, Alessandro Valignano, ya kuma yi wa sarkin yaƙi Oda Nobunaga hidima har zuwa 1582, bai ƙara samun natsuwa ba. Masana da yawa sun fi karkata ga Mozambik. Shi ya ce sam. Sunan nan Isyaku ne bakin Japanawa ya lanƙwasa, kuma dogo ne, saboda haka Bahaushe ne ɗan fatauci. Abokinsa Bafulatani ya ce dogo ai nasu ne. An raba su ba a gama ba.

A can ƙarshen benci, inda hasken allo bai kai sosai ba, akwai tsohon direban da ya yi shekaru yana ɗaukar 'yan kasuwar shanu a hanyoyin Tubboro da Ngaundare. Yana dariyar komai, har Goggo yake tsokana. Amma idan aka zo inda 'yan fashin katun ke tsayawa su faɗi sunansu da sunan salon takobinsu kafin su kai sara, sai ya ajiye kofi. Shi ya san zargina, masu tare hanya da suka addabi arewacin Kamaru da Chadi da Afirka ta Tsakiya tun shekarun 1980, waɗanda daga baya suka koma sace 'ya'yan Mbororo sai an sayar da garke an fanshe su. Saboda su aka kafa rundunar BIR a 2001, masanin tarihi Saibu Isa na Jami'ar Marwa kuma ya yi musu littafi guda a 2010. Direban bai karanta shi ba. Cewa yake, "Namu ba sa gabatar da kansu, ɗana. Fuska a rufe, ka kwanta rub da ciki, a cire maka har takalmi." Wani matashi ya taɓa tambayar sa ko a cikinsu akwai irin Kenshin, mai tuba. Ya ce akwai mana, ya san wanda ya tuba ya sayi mota ya gina gida, ana gaishe shi da Alhaji. Lauyan mugu ba ya son zama kusa da wannan dattijo, kuma na fahimci dalilinsa.

Yara ba su da wurin zama, ta ƙarƙashin hammatar manya suke kallo. Da safe za ka gan su a bakin Binuwai da karan dawa, kowa ya zana gicciye da gawayi a kumatu, goma duk Kenshin, ba mai yarda ya zama wanda za a kayar. Dokar hana kisa ce kawai ba ta iso gare su ba. Iyaye mata sun fi gwamnatin Meiji iya ƙwace makami.

Duk wannan jama'a mutum ɗaya ke iya tarwatsa ta, shi ne mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallon garin, Coton Sport. Ba ruwansa da Meiji. Tarihinsa ya fara ne daga 2008, da ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka Al Ahly ta doke ta, ya ƙare a kan ɗan gari Vincent Aboubakar da ƙwallayensa 8 a gasar Afirka da aka buga wasu wasanninta a filin Rumde Ajiya a farkon 2022. Yana isowa zai miƙa hannu a ba shi rimot, ko da Kenshin na tsakiyar tsalle. Mai shayi, wanda bai taɓa sanin sunan kowa a katun ɗin ba in ban da mai cin bashi, yakan duba littafinsa kafin ya yanke hukunci. Masu Kenshin shayin sefa ɗari suke sha su zauna har sha biyun dare, rabinsu bashi. Masu ƙwallo suna cin ƙwai da burodi. Sai ya ce, "Ku yi haƙuri, samurai ya jira gobe. Kai Sanosuke, ɗari bakwai ɗinka na nan."