Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Fotal Ɗin Rabon Ɗakin Kwana

Zuwa ga Mai Girma Fotal,
Sarkin Rabon Gado,
Ta hannun Ofishin Harkokin Ɗalibai,
Wata jami'a da ba sai an kama suna ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka da mai mulki, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ko da yake mun san lafiyar taka ba ta cika wuce minti biyar bayan an buɗe ka ba. Yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara sabis, ya raba ka da yawan suma.

Na rubuto ne a madadinmu mu huɗu, 'yan aji uku. Ka san matsayinmu a fadarka. Mu ba jambitoci ba ne balle a tausaya mana, ba kuma 'yan ajin ƙarshe ba balle a girmama mu. Sai sababbin shiga sun ɗiba, masu fita sun ɗiba, shugabannin ɗalibai da 'yan wasanni sun kwashi kasonsu, sannan a watso mana ragowa mu yi wawaso. Wannan mun haƙura da shi. Kukanmu daban ne.

Tun zangon bara muka yi shawarar zama ɗaki ɗaya, kuma ba da ka muka yi zaɓen ba. Akwai ɗan sashen noma da ya iya garau-garau har maƙwabta kan shigo gaisuwar da ba ta da dalili. Akwai injiniyanmu, mai hotfilet da ekstenshin, wanda ke gane wayar da za ta ƙone tun kafin ta yi wari. Akwai Ustazu, da ba ya bari asuba ko jarrabawar ƙarfe takwas ta wuce kowa. Ni kuwa gidanmu na cikin gari, duk ƙarshen mako yaji da ƙuli-ƙuli na isowa. Har ɗakin mun zaɓa: hawa na ɗaya, kusa da tankin ruwa, nesa da banɗaki, inda ba za a hau bene uku da bokiti ba, kwanon rufi kuma ba zai gasa mutum a watan Afrilu ba.

Daren da aka ce za ka buɗe, muka jeru da wayoyi, kowa da layin kamfani daban don kada a yi mana sakiyar da ba ruwa. Ka buɗe, ka juya, ka sume, ka farfaɗo. Da gari ya waye, mai girki yana can bulok na ƙarshe a saman bene. Injiniya ya samu ɗakin da bangonsa ɗaya da banɗaki. Ni ka jefa ni cikin mutum bakwai da ban taɓa gani ba. Ustazu kuwa, wanda ya fi mu addu'a, ka ce masa gado ya ƙare.

Ranka ya daɗe, ko auren dole ne akan faɗa wa yarinya sunan mijin kafin a kai ta. Kai lambar ɗaki kawai ka bayar, ka ce a ciro lambar biyan kuɗi a biya kafin wa'adi ya cika, in ba haka ba ka ba wani. Abin da ka tambaye mu biyu ne rak, lambar rajista da shaidar biyan kuɗin makaranta. Ba ka tambayi wa ke minshari ba. Ba ka tambayi wa ke karatu da fitila har asuba ba, ko wa ke hira da budurwa a waya ƙarfe biyun dare yana rantsuwa cewa ya ci abinci. Ba ka tambayi wa ke jiƙa wanki ya manta da shi sai ɗakin ya tuna masa ba. JAMB ma, da aka kafa tun 1978, duk isarta takan bar yaro ya rubuta jami'ar da yake so da kwas ɗin da yake so, ko da daga baya za a ba shi wani abu daban.

Wataƙila ba a ba ka tarihi ba, tunda kai yaro ne a gidan nan. Jami'o'in farko, irin su Ibadan ta 1948 da Zariya ta 1962, an gina su ne da nufin ɗalibi ya kwana a ciki, ya ci a ciki. Akwai ɗakin cin abinci, akwai tikiti. Abinci na da muhimmancin da a Afrilun 1978 ƙarin kwabo 50 a kuɗin cin yini ya haddasa zanga-zangar "Ali Must Go". A wancan zamani abokin ɗaki abokin barci ne kawai. Da gwamnatin soja ta janye tallafin abinci a tsakiyar shekarun 1980, sai tukunya ta dawo cikin ɗaki. Yau wanda kake kwana da shi, shi ne wanda kuke haɗa kuɗin shinkafa da manja, shi ya san inda kake ɓoye garin kwaki, shi zai san ranar da aljihunka ya bushe tun kafin ka faɗa. Irin wannan zama ba a haɗa shi da wanda ya fi saurin danna waya.

Ka zo ka ga ɗakin da ka ba ni. Soket ɗaya ne tilo a bango. An jona masa ekstenshin, an jona wa ekstenshin ɗin wani, daga nan wayoyi da fitilu da hita da kwamfuta kowa na jiran layi. Ƙarƙashin kowane gado bokiti ne da kwalin Indomie da jakar Ghana-must-go. Kowace loka da kwaɗonta, wata ma biyu, don ba wanda ya san wani. A ɗakin da aka san juna, mabuɗi ɗaya ke yawo, tukunya ɗaya ke hawa wuta, kuɗin da mutum huɗu za su kashe a girki huɗu ya isa su ci har da baƙo.

Yanzu bari in tsegunta maka abin da ake yi a bayan idonka. Mako ɗaya bayan ka gama rabo, kasuwa ke ci a gindin bishiyar da ke gaban ɗakin fota. "Wa ke da gadon ƙasa a bulok na biyu? Ina da na sama a na biyar, zan yi ciko." "Ba ni kwanarka ta wajen taga, in bar maka katifata sabuwa." Wani ya yi musaya, wani ya sayar duk da dokar da ta hana, a farashin da ya ninka naka. Wanda ka ce wa gado ya ƙare yana nan ya zama sikwata, mai gadon ya zama landilod, sikwatan ma wani lokaci ya kawo nasa sikwatan. Abin ya ƙaru bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, lokacin da wasu jami'o'i suka haɗa ɗiban shekara biyu wuri ɗaya, gadaje kuwa ba su haihu ba. Kafin a yi gwajin farko, kowa ya koma wurin mutanensa. Jerin sunayen da ke cikin cikinka da mutanen da ke kwana a ɗakunan, sai dai a ce sun taɓa haɗuwa.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce jami'a wurin cuɗanya ce, in aka bar kowa ya zaɓa, 'yan gari ɗaya za su tare a ɗaki ɗaya, Bakano da Bakano, Tibi da Tibi, a gama digiri ba wanda ya san wani. Maganarka na kan hanya. A ɗakin da ka jefa ni na koyi cin sakwara da miyar egusi a hannun ɗan Binuwai, shi kuma yanzu ba ya cin komai sai da yajina. To amma ba dole sai an raba kowa da kowa ake cuɗanya ba. A Jami'ar Harvard ta Amurka, 'yan shekarar farko kan haɗa rukuni har na mutum takwas su miƙa suna tare. Tun 1996 ƙuri'a ce ke yanke wanne daga cikin gidajen kwanan ɗalibai 12 za a kai su. Ba su da ta cewa a kan gidan, amma duk inda ƙuri'a ta faɗa, tare suke tafiya. Mu ba ma takwas muka roƙa ba. A ɗakin mutum takwas ka bar huɗu su shigo tare, ka cike sauran da duk wanda ka ga dama.

Don haka ga buƙatunmu, a taƙaice:

Na ɗaya, a yi akwatin rukuni. Mutum ɗaya ya shigar da lambobin abokansa, kowa ya amince ta wayarsa, a yi mana ƙuri'a ɗaya. In samu ne mu samu tare, in rashi ne mu tafi neman haya a waje tare.

Na biyu, ka riƙa faɗin gaskiya game da ɗaki: hawa na nawa ne, taga na da raga ko babu, famfo na kusa, kuɗin cizo sun riga mu tarewa ko ba su riga ba.

Na uku, tunda musaya ba za ta daina ba, a buɗe mata ƙofa a jikinka, don in wani ya kwanta ciwo da dare a san ɗakin da za a neme shi.

Na huɗu, ka daina buɗewa tsakar dare. Mu ɗalibai ne, ba masu gadi ba.

Na biyar, ka isar wa iyayen gidanka, su isar wa TETFund da masu hannu da shuni, cewa duk iya rabonka ba za ka raba abin da babu ba. A gina ɗakuna.

In ka ƙi, ba za mu ɗaga kwali ba, ba za mu fasa gilashi ba. Za mu ci gaba da gyara maka aikinka kyauta kowace shekara, kai kuma ka ci gaba da karɓar yabo a taron majalisar jami'a.

Wassalam. Ka huta lafiya, kamar yadda ka saba.

Naka mai biyayya,
Mai gado na shida a takarda,
Mai kwana a wani ɗakin daban.

Ƙarin bayani: In za ka ba da amsa, don Allah kada ka turo ta ta kanka, ba za ta buɗe ba. Ka rubuta a takarda ka ba fota, shi ya san inda kowa yake.