Wasiƙa zuwa ga Malam pip, Sarkin Dakon Python

Ranka ya daɗe, Malam pip, mai ɗauko kaya daga rumbun PyPI ya sauke a kwamfutar talaka. Jiya da daddare ka ci mini mutunci, kuma har yanzu ban huce ba.

Abin da na roƙa bai taka kara ya karya ba: psycopg2, ɗan ƙarin nan da ke haɗa Python da rumbun bayanai na PostgreSQL. Layi ɗaya na rubuta. Ka ce ba ka da hurumi, wai tun 2023 Ubuntu da Debian suka fara aiki da dokar PEP 668, wadda ta hana ka zuba kaya a Python ɗin da kwamfutar kanta ke dogaro da shi. Na ji, doka ce mai ma'ana, kada ka take sawun apt. Har wata ƙofar baya aka nuna mini, --break-system-packages, wadda sunanta kaɗai ya ishi mai hankali. Na haƙura, na keɓe maka wuri da venv.

Sai ka zubo rubutu har ya cika allo. Can a tsakiya na tsinto maganar: babu pg_config. Na sa libpq-dev, na dawo. Ka ce babu gcc. Na kawo. Ka ce ina Python.h? Na nemo python3-dev, data na ta zurarewa, batiri na kuka. Na san dalili, ba sai an karantar da ni ba. Da harshen C aka rubuta psycopg2, kuma in babu haɗaɗɗen ƙunshin da kuke kira wheel, dole a harhaɗa shi a kan kwamfutata. Amma Malam, wane irin magini ne zai ce babu siminti, a kawo, ya ce babu yashi, a kawo, sannan ya tuna babu ruwa? Ka faɗe su a numfashi ɗaya mana!

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne layin da kake rufe kowace faɗuwa da shi, wai kuskuren daga wani ƙaramin aiki ya taso, da alama ba laifin pip ba ne. Ba laifinka ba? To na wa? Wa na aika? Ni ban san wani ƙaramin aiki ba, ban taɓa gaisawa da shi ba, sunanka na kira. Kai ka ɗauko setuptools, kai ka sa shi ya kira gcc, amma da ta kwaɓe sai ka zame ka bar ni da yaranka. Kuma wai "da alama". Ko wanke kan naka ba ka iya yi da gaba gaɗi. Mafi ciwo, shawarar da za ta cece ni, wato in sa psycopg2-binary wanda aka riga aka haɗa, tana nan binne a cikin tarin rubutun, alhali uzurinka ne ya samu wuri mai kyau a ƙasa inda ido ke fara sauka. Masu psycopg2 ɗin ma sun ce wannan haɗaɗɗen na gwaji da koyo ne, a babban aiki gara a harhaɗa. Wato ko na tsere, zan dawo hannunka.

Ba zan tono batun distutils da aka cire a Python 3.12 ba, ko rikicin pip da pip3, wannan sai wata wasiƙar.

Kai, ashe da sauranka. Bayan ka kasa sauke kaya ɗaya tak, sai ga sanarwa a ƙarshen allo, wai sabon pip ya fito, in daure in sabunta ka. Da datar wa?

Naka, wanda ba shi da wani ɗan dakon.