Mota Ba Rufi, Hali a Fili

Duk shekara, ranar Asabar ta uku a watan Agusta, titin Woodward da ya miƙe daga birnin Detroit na Amurka yakan koma tamkar filin hawan salla. Sai dai dawakin na ƙarfe ne, mahayan kuwa galibinsu dattawa ne masu gajeren wando. Tun 1995 ake wannan taro, dubban tsofaffin motoci suna kai da kawowa a hankali, ba kuma inda za su. Waɗanda suka fi ɗaukar ido su ne buɗaɗɗu, masu rufin tamfol da ake naɗewa ta baya, irin su Chevrolet Bel Air ta 1957, da Mustang, da Cadillac Eldorado ta 1959 mai fukafukai a gindi kamar za ta tashi sama.

In don amfani ne, da wuya a sami motar da ta kai buɗaɗɗiya rashin kan gado. Shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga fatauci, in an yi ruwa ya zubo ta gefen gilashi, rana ta gasa ka, iska ta hana ka jin maganar na kusa da kai. Wanda ya saye ta duk ya san da haka, so yake kawai a gan shi. Shi ya sa ni kallon masu motar ya fi mini daɗi a kan kallon motar, don da zarar an naɗe rufin nan, halin mutum ba shi da sauran wurin ɓuya.

Wanda za ka fara cin karo da shi, shi ne Malam Kar-Ka-Taɓa. Tun da aka gama yi wa motarsa gyara, tayarta ba ta taka kwalta ba. A rufaffiyar tirela ake kawo ta kamar amarya, a sauke ta a kan ciyawa, ya kewaye ta da igiya, sannan ya shimfiɗa madubi a ƙarƙashinta don ka ga ko ɗigon baƙin mai babu. Tsumman fenti daban, na bamba daban, na gilashi daban, ga buroshin haƙori na lunguna. Su kansu Amurkawa sarauniyar tirela suke ce wa irin wannan mota. Burinsa a duniya a kira shi gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950, alƙalai su zo su leƙa masa notuna ɗaya bayan ɗaya. Motar shan iska ce ya saya, amma ba shi da abokin gaba kamar iska, saboda ita ke kawo ƙura. Hadari ya ɗan haɗo daga gabas, sai ka ga bawan Allah ya rikice kamar kazar da ta hango shaho.

Kusa da shi akwai amininsa kuma magabcinsa, Malamin Lambobi. Shi kyan mota bai dame shi ba. Yana isowa zai ce a buɗe masa bonet, ya zaro 'yar tocila, ya duƙa yana neman lambar da aka buga a jikin inji, ko ta yi daidai da ta gangar motar. In ba ta yi ba, ya ɗago ya dube ka da tausayi, kamar ya gano kai ba ɗan gidan da kake iƙirari ba ne. Ba ka tambaye shi ba zai gaya maka Corvette guda 300 kacal aka ƙera a 1953, dukkansu farare masu jan ciki. Zai gaya maka ranar 17 ga Afrilu 1964 aka fito da Mustang a baje kolin duniya na New York. Kuskure kaɗan ka ce kana son buɗaɗɗiyar Cadillac mai ruwan hoda irin ta Elvis Presley, to ka jawo wa kanka wa'azi, domin shahararriyar ta Elvis ɗin rufaffiya ce mai ƙofa huɗu. Abin haushi kuma, gaskiyarsa ce. Shekarun 'ya'yansa ne kawai sai ya tambayi uwarsu.

Ni dai wanda nake tausayi shi ne dattijo mai biyan bashin ƙuruciya. Yana ɗan shekara 17 ya tsaya a bakin shagon dillalin Ford yana haɗiyar yawu, aljihu ba ko sisi, kuma a kan idonsa ɗan masu kuɗin unguwa ya ɗauki yarinyar da yake so a jar Mustang. Ya yi aiki shekara 40, ya aurar da 'ya'ya, ya karɓi kuɗin sallama, bai zame ko'ina ba sai wurin gwanjo. Yanzu ga mota, ja kuwa, amma gashin da iska za ta kaɗa ya riga ya tafi. Ranar farko hula ta tashi a babban titi, ranar ta biyu rana ta toye masa sanƙo. Shigarsa motar sai da dabara, fitarsa sai da addu'a, saboda gwiwa. Duk da haka in ya tsaya a danja yaro ya ɗaga masa babban yatsa, murmushin da zai yi ya isa ya sa ka yafe masa ƙarar salansa.

Sai ɗan kasuwa, wanda bai san daɗin tuƙi ba, lissafi kawai ya sani. Wannan yana da kakanni a tarihi, kuma labarinsu ya cancanci a zauna a kansa. A farkon shekarun 1970 kasuwar buɗaɗɗun motoci ta faɗi a Amurka. Na'urar sanyaya mota ta yaɗu, manyan tituna sun sa gudu ya ƙaru, an yi tsadar mai a 1973, ga kuma fargabar cewa gwamnati za ta kafa dokar kare fasinja in mota ta kife. Kamfanoni suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Cadillac. A 1976 ta yi shelar cewa Eldorado ta wannan shekara ita ce buɗaɗɗiyar Amurka ta ƙarshe. Aka ƙera 14,000, guda 200 na ƙarshe duk farare iri ɗaya, don bikin cikar ƙasar shekara 200 da samun 'yanci. Jama'a suka yi rububi, wasu suka biya fiye da farashin kamfani nesa ba kusa ba, suka kai gareji suka lulluɓe, suna jiran ranar da za ta zama zinariya. Shekara shida suna jira, sai ga Chrysler ta fito da buɗaɗɗiyar LeBaron a 1982. Ba su gama farfaɗowa ba, Cadillac da kanta ta dawo da buɗaɗɗiyar Eldorado a 1984. Wasunsu suka maka General Motors, kamfanin da ya mallaki Cadillac, a kotu cewa an yaudare su, kotu ta yi watsi da ƙarar. Jikokinsu a sana'a suna nan har yau, duk watan Janairu suna cika zauren gwanjon Barrett-Jackson a Scottsdale ta jihar Arizona. Abin da ke hana su barci shi ne labarin Plymouth Hemi Cuda ta 1971 da aka sayar dala miliyan 3.5 a 2014. Kowannensu gani yake tasa ce ta gaba.

Akwai kuma mai gawa a gareji. Ya tsinto ta a rumbun wani manomi, ɓeraye sun yi gida a kujera, tsatsa ta cinye ƙasanta har kana hango ciyawa, albarkacin gishirin da ake watsawa a titunan arewacin Amurka lokacin dusar ƙanƙara. Ya ce wata shida zai tashe ta. Bana shekara 14 ke nan. Inji yana kan benci, kafireta a cikin kwali, notuna a gwangwanayen kofi waɗanda rubutun jikinsu ya goge. Motar matarsa kuwa a waje take kwana.

Mai taurin kai ba ya buƙatar dogon bayani. Sanyi na tsaga ƙashi, shi ya naɗe rufi, ya ƙure hita, hanci na zuba, wai ai kuɗinsa ya biya.

Rukuni guda ne suka bar buɗaɗɗiyar mota ba don sun gaji da ita ba, su ne shugabannin Amurka. A buɗaɗɗiyar Lincoln Continental ta 1961 aka harbe John Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba a jefar da motar ba. An yi mata rufi na dindindin da sulke, ta ci gaba da aikin fadar shugaban ƙasa har 1977, yanzu tana gidan tarihi na Henry Ford a Dearborn.

Mu koma kan masu ba da dariya. Baƙo ɗan yawon buɗe ido ya kalli fina-finai, ya ga matan nan biyu na fim ɗin Thelma & Louise a Thunderbird ta 1966, ya ƙudura sai ya bi hanyar Route 66 daga Chicago zuwa Santa Monica, kusan kilomita 4,000, kai a buɗe. Babu wanda ya gaya masa tun 1985 aka soke hanyar daga jerin manyan titunan ƙasa, sai guntaye. Babu kuma wanda ya gaya masa yadda ranar Arizona take. Kafin azahar ya ja rufi ya rufe, sauran tafiyar a inuwa zai ƙarasa ta, ba ya buɗewa sai in za a ɗauki hoto. A gefensa kuwa ga wadda ba a taɓa shawara da ita ba, uwargida, hannu ɗaya riƙe da ɗankwali, ɗaya riƙe da taswirar da iska ke neman ƙwacewa. Ya waiwayo yana washe baki ya ce, "Kin ji daɗi ko?" Ta ba shi amsa, Allah ya taimake shi iska ta tafi da ita.

Wanda na fi girmamawa a cikinsu duka ba a Amurka yake ba, yana birnin Havana na Kyuba. Tun da takunkumin Amurka ya tsayar da shigar motoci da kayan gyara a farkon shekarun 1960, shi da ubansa da kakansa suke lallaɓa Chevrolet guda. Injin asali ya daɗe da mutuwa, an dasa mata na dizal daga wata Toyota ko Hyundai, abin da ya ɓace a ƙera shi da hannu, fenti kuwa duk wanda ya samu. Wasu motocin ma da rufinsu aka haife su, aka sa zarto aka yanke, saboda baƙi sun fi biyan kuɗi a buɗaɗɗiya. Da Malamin Lambobi zai buɗe wannan bonet, sai an yayyafa masa ruwa. Shi kuwa direban ba ruwansa. Ya kwashi Turawa huɗu a bakin tekun Malecón, ya murza makulli, ta yi tari sau biyu, ya ɗan daki gaban motar da tafin hannu, ta tashi.