Kambas ya je Gurara

Asabar ɗin da ta wuce wani Alhaji maƙwabcina ya cika mana waya da hotuna, wai sun je tattaki Gurara. Mutumin da ko masallacin unguwa a mota yake zuwa, in zai sayi kati a bakin layi sai ya aiki yaro, shi ne ya rubuta mana a ƙasan hoto cewa lafiya uwar jiki.

Na ƙura ido ina neman ruwan. Gurara fa daga tsayin wajen mita 30 yake zubowa, da damina ruguginsa yakan hana ka jin maganar na kusa da kai. Amma a hoton Alhaji ɗan lungu ya samu a bayan kunne. Sauran filin duk na kambas ne.

Fari tas, sabo fil, don wannan tafiyar aka saye shi. Yaron gidansa ya tsegunta mini cewa a leda kambas ɗin ya yi tafiya, a kujerar gaba, ƙanin Hajiya kuma na baya rungume da kula. Da silifas Alhaji ya gangara. Sai da aka samu busasshen dutse aka shimfiɗa darduma, sannan aka fito da mai girma, aka ɗaure masa igiya, aka ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe. Yaro na tsaye da tsumma. Da iska ta kwaso feshin ruwa, Alhaji bai kare wayarsa ba, bai kare ɗansa ba, ƙafa ya ɗage. Yanzu na ji ana shirin kai takalmin Matsirga ta Kafanchan ya ga duniya, daga nan Assop a hanyar Jos. Farin Ruwa ta wajen Wamba an cire ta daga lissafi, don can sai an taka da gaske.

Ga kuma guzuri. Daga inda ake ajiye mota zuwa bakin ruwa ɗan taƙi ne, amma an yi shiri kamar masu tafiya Makka ta ƙasa: dafa-duka, soyayyun kaji, zoɓo, da lasifikar da ta danne ƙarar ruwan da aka ƙona mai don a je a ji.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ake bari a baya. Ledar fiya wata, robar lemo, ƙashin kaza, har da kunzugun jariri a tsakanin duwatsu. Mutum ya hana ɗigon ruwa taɓa takalminsa, sannan ya juye wa kogi sharar gidansu. Mutanen ƙauyukan da ke ƙasa da wannan ruwan suke wanka da wanki, kuma su ba a gayyace su cin kajin ba.

Wai ma me ya kai Bakano har jihar Neja neman dutse? Na san dattawan da aka haifa a gindin Dala, suka yi jikoki a nan, ba su taɓa hawa ba. Ka tambaye su, su ce gwiwa. Zage-zagi ma haka suke yi wa Kufena, sai dai su nuna wa baƙo shi ta tagar mota. Dala na da matakala, ba ya cin mai, kuma daga samansa kana kallon Goron Dutse kyauta. Malam, fara da na bayan gidanku tukuna.