Mashin ɗin Bana da na Bara

Milwaukee, Jihar Wisconsin, Amurka.

Zuwa ga Yaya, a Yelwan Yauri.

Ga bayanin da Yaya ya nema a kan mashin ɗin bana.

Sabon mashin, a ƙa'idar Amurka, shi ne wanda kamfani ya ce sabo ne. Ba sharaɗi ba ne ya bambanta da na bara ta wajen inji, ko giya, ko birki. Abin da ake bukata kawai shi ne a liƙa masa shekara. Kowane kamfani yakan baje jerin mashinansa sau ɗaya a shekara, sau da yawa tun shekarar ba ta kama ba, har mutum ya sayi mashin ɗin 2025 a kakar 2024, ya yi wata uku yana yawo a kansa kafin a haife shi. A Yauri ana gane shekarun mashin da yawan fiston da ringin da ya ci. A nan takarda ce ke faɗa.

Al'adar ta samo asali ne daga masu ƙera mota. Henry Ford ya yi shekara 19, daga 1908 zuwa 1927, yana sayar da motarsa Model T kusan a kama ɗaya, har ya sayar da kimanin miliyan 15. Abokin hamayyarsa, Alfred Sloan na kamfanin General Motors, ya lura cewa wanda motarsa ke tafiya lafiya ba zai sayi wata ba sai an sa ya ji kunyar ta hannunsa. Sai kamfaninsa ya shiga sauya fasalin mota kowace shekara, domin duk wanda ya wuce ƙofar gidan mutum ya san tasa ta kwana biyu. Dabarar ta ci, masu ƙera babur ma suka ara suka yafa. Sai dai sauya inji abu ne mai cin kuɗi. Sai an sake kayan ƙira a masana'anta, an yi gwaji, an kuma koma wajen hukuma a kan maganar hayaƙi. Fenti kuwa araha ne. Ta haka aka samu mashinan da suna kawai ake canza wa tuwo.

Misalansu sanannu ne. Suzuki DR650 yana nan kusan yadda aka sake fasalinsa a 1996, da kafiretarsa da komai. Honda XR650L ya riga shi, tun 1993 yake a kamarsa. Yamaha TW200, mai faffaɗar taya kamar ta amalanken shanu, tun 1987 ake sayar da shi da ɗan gyara kaɗan. Kawasaki KLR650 ya yi shekara 20, daga 1987 zuwa 2007, kafin a taɓa shi sosai. Akwai wanda aka haifa bayan fitowar waɗannan mashina, ya yi karatu, ya yi aure, ya je ya sayi irin wanda babansa ya ɗauke shi a kai yana yaro, sabo dal, launi kaɗai ya bambanta.

Idan aka jera na bana da na bara masu launi ɗaya, dillali kansa sai ya durƙusa kafin ya raba su. A wuyan ƙarfen mashin, ƙasan kan da ake riƙewa, akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 17 da aka buga. Na goma a cikinsu shi ke nuna shekara: R na nufin 2024, S na nufin 2025. Mai wannan wasiƙa ya ga wani dillali ya kunna fitilar wayarsa, ya goge ƙura da ɗan yatsa, ya ƙirga har goma yana motsa leɓe, sannan ya miƙe ya sanar da cewa wannan ne sabon. Bambancin ke nan: harafi guda, sai kuma abin da aka ɗora a kan farashi.

Mahaya babur a nan sun kasu huɗu dangane da yadda suke karɓar wannan labari.

Kashi na farko su ne masu fushi, kuma su suka fi yawan magana. Ba a gane fushinsu sai an san yanayin garin. Milwaukee tana bakin Tafkin Michigan, wanda ba a hango ɗaya gaɓarsa, kuma nan ne mahaifar kamfanin Harley-Davidson tun 1903. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris sanyi da ƙanƙara ke hana hawa babur. Sai a shigar da shi gareji, a lulluɓe shi da bargo, a jona batirinsa da lantarki kamar majinyaci a kan ƙarin ruwa. Mutumin da aka hana shi hanya wata biyar ba shi da abin yi sai jiran sanarwar kamfani. Ranar da ta fito ya tarar an mai da ja shuɗi an ce masa sabo ne, sai ya yi ta faɗa, ya rantse ya bar kamfanin har abada. Suna da wata kalmar ba'a da suka ciro daga bakin masu talla, ma'anarta sabon zane mai kwarjini, har sun taƙaita ta zuwa haruffa uku, BNG. Maƙwabcin mai wasiƙa yana cikin wannan kashi. Tafiyar da mashin ɗinsa ya yi a bara duka, ɗan kabu-kabun tashar Yelwa zai yi ta kafin wata ya mutu, amma shi ne ke cewa an tsayar masa da ci gaba.

Kashi na biyu su ne masu hamdala. Galibinsu dattawa ne masu furfura a gemu, waɗanda ke gyara mashin da hannunsu. Hujjarsu ita ce kayan gyaran shekara 25 da suka wuce suna shiga na yau, kuma duk wata cutar mashin ɗin an riga an san ta, an san maganinta. A wurinsu da tsohuwar zuma ake magani. Wannan kashi shi ya fi kusa da mutanen gida, hula da carbi kawai suka rasa.

Kashi na uku su ne masu cewa baɗi. Kowace shekara suna da labari daga wani da ya ji daga wani cewa shekara mai zuwa za a fito da sabon inji. Idan ta zo ba a fito da shi ba, sai su ce ai wannan ne ya tabbatar da cewa baɗi ne. Wanda ya taɓa zama a mashigar Zamare yana sauraron hirar gadar da za ta haɗa ta da Rofiya ba ya bukatar ƙarin bayani a kansu.

Kashi na huɗu ba sa magana ko kaɗan. Suna jira a sanar da na bana, su je su sayi na bara da ya rage a shago a kan ragi, tunda abu ɗaya ne. Ana kyautata zaton akwai jinin Bahaushe a jikinsu.

A ƙasar Yauri ma lamarin yana nan, fuskarsa ce dabam. Manya sun san zamanin Honda da Suzuki da Yamaha na Japan, da Vespa ta malamai da ma'aikata. Bayansu Jincheng ya zo daga ƙasar Sin da ƙararsa da hayaƙinsa, roba-roba ya biyo baya. Daga bisani Boxer na kamfanin Bajaj, mai hedikwata a birnin Pune na Indiya, ya mamaye hanya, har Najeriya ta zama babbar kasuwar kamfanin a ƙetare. Siffarsa ba ta bukatar kwatance: ƙaramin inji, giya huɗu, kik, doguwar kujera, da kariya a baya. Shekara da shekaru a haka aka san shi. Abin da ido ya fi gani yana sauyawa shi ne sitikar tanki da launi.

Bambancin shi ne ba wanda ke tambayar shekara. Mai saye daga Shanga ko Wara tambayoyinsa huɗu ne. Yaya shan mansa? Ana samun kayansa a ƙauye? Buhun albasa nawa zai ɗauka daga bakin ruwa zuwa kasuwa ba tare da ya durƙusa ba? Mutum biyu za su iya ɗaga shi su sa a jirgi? Tun da aka datse Kogin Kwara a Kainji a 1968 ruwa ya malale ya zama tafki, tafiya a wannan yanki rabi a ƙasa take rabi a ruwa, saboda haka mashin ɗin da ba ya shiga jirgi rabin mashin ne.

Makomar sabuwar sitika kuwa abin tausayi ce. Mashin yakan iso a kwali, a haɗa shi a bakin shago. Mai shi ba ya cire ledar da aka naɗe tanki da ita, kuma ba ya cire kwalin da ke gefe. Yakan ma ƙara ɗaure su da roba, ya yi wata da watanni a haka don a san sabo ne, har rana da ƙura su cinye ledar ta koma tsumma. Kafin nan an kwance madubai an ajiye a ɗaki, an shimfiɗa guntun kafet a kan kujera, an rataya geza. Ranar da ledar ta faɗi, sai ya rufe wurin da tasa sitikar mai addu'a ko habaici ga mahassada. Ta haka abu ɗaya tilo da kamfani ya sauya a shekarar shi ne abin da ba wanda ya taɓa gani.

Rashin sauyin nan shi ne rufin asirin sana'a. Bakanike a gindin darbejiya, da sifana uku da sukundireba da guduma, ya haddace injin kamar karatun allo, yaronsa ma a kansa ya koya. Idan mashin ya mutu tsakanin Birnin Yauri da Wara, a hura filogi, a kwance kafireta a wanke da fetur a murfin gwangwani, a buga kik, ya tashi. Idan sarƙa ta tsinke, ta mashin ɗin maƙwabci za ta shiga. Man da yake sha ma sau da yawa na kwalba ne daga hannun 'yan bumburutu, bai taɓa yin ƙorafi ba. Da za a wayi gari a kawo inji mai kwamfuta, wanda sai an jona masa na'ura yake faɗin ciwonsa, da an mai da ƙwararru 'yan kallo, kayan gyaran da ke jibge a shaguna kuma su koma na 'yan gwangwan.

Wannan ba ya nufin mahayin Yauri ba ya ƙorafi. Yana yi, kuma nasa ya fi tushe. Na farko a kan farashi ne. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, kuɗin sabon mashin ya haura naira miliyan ɗaya, ga fetur ya ninka, ga balas na jiran ɗan kabu-kabu kowace yamma. Na biyu kuma tsohon zance ne da ake yi wa kowane irin mashin, ko na wane kamfani ne: a ƙwanƙwasa tanki da ɗan yatsa, a saurara, a girgiza kai, a ce na da ya fi ƙarfe. Ke nan Ba'amurke yana fushi don na bana ya yi kama da na bara, Bayauri kuma yana fushi don yana zargin na bana bai yi kama da na bara sosai ba. Kamfanin da zai faranta wa su biyun rai bai zo duniya ba tukuna.

An gwada haɗa ɓangarorin sau ɗaya. A wani taron mahaya da ake yi a filin ajiye motoci, ana cikin jimamin jerin bana, mai wasiƙa ya buɗe baki da Turancinsa na Yelwa ya ce ai wannan abin murna ne. Wuri ya yi tsit. Don ya kare kansa, sai ya nuna musu hoton mashin ɗin Yaya a wayarsa, ɗauke da buhun albasa uku, da kwandon busasshen kifi a sama, da Yaya a kan tanki. Aka taru ana kallo. Wani ya tambayi na wace shekara ne. Mai wasiƙa ya ce na shekarar da aka yi bikin ƙanwarsu ne. Ba a sake yi masa tambaya ba, amma wani dattijo daga kashi na biyu ya saya masa kofi.

Saura bukatar Yaya ta cewa a aiko masa da mashin ɗin bana daga Amurka. Bayanan da suka gabata sun nuna cewa, bisa ƙa'idar ƙasar, abin da ke raba na bana da na bara shi ne zanen tanki. Saboda haka an sako sitika biyu a cikin wannan ambulan, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, masu kwarjini ƙwarai. A wanke tankin da omo, a bari ya bushe, a liƙa. Daga ranar mashin ɗin Yaya ya zama na bana, kuma ya halatta a ƙara masa kuɗi idan za a sayar. Kuɗin fiston da ringi suna tafe, baɗi in Allah ya yarda.

A gaida Inna da mutanen gida da yara baki ɗaya, a gaida bakanike.

Wassalam.

Ƙanin Yaya.