Hula Ba Ta Kamuwa da Korona

Ranar Talata, 24 ga Maris, 2020, ma'aikatan gwamnatin tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa suka wayi gari da umarni daga ofishin Shugabar Ma'aikata, Folasade Yemi-Esan: kowa ya zauna gida, ya riƙa aiki daga can. A lokacin ba a cika wata guda da samun mutum na farko mai korona a Legas ba. Aka yi ta je-ka-ka-dawo da wannan umarni har zuwa 1 ga Disamba, 2021, ranar da aka ce kowa ya koma kujerarsa. Tun daga nan ake ta muhawara kan ko ya dace shugaban ma'aikata ya bar mutanensa su yi aiki daga gida idan annoba ta ɓarke. Masu muhawarar sun yi gaggawa. Kafin a ce a kai aiki gida, sai an fara gano inda aka ajiye aikin.

Bari mu fara sallamar ɓangaren lafiya, tunda shi ne mai sauƙi. Korona numfashi take bi, kuma ta fi sakewa a rufaffen ɗaki mai cunkoso. Ma'aikaci kuwa, ko a wane mataki yake, yana numfashi. Ofishin da aka gina don mutum biyu aka zuba shida, aka liƙe tagoginsa saboda na'urar sanyaya ɗaki da ta mutu tun zamanin soja, ba ya buƙatar dogon bincike. Abin da ya cancanci nazari shi ne layin da aka ja a mataki na 12. Likitoci sun ce cutar ta fi tsanani ga masu shekaru, don haka aka sallami matasa, aka bar dattawa a ofis. Darakta ya zauna shi kaɗai a bene, ya danna ƙararrawa, shiru. Mutumin da ya san inda fayil yake ɗan mataki na 4 ne, yana can Mararraba yana aiki daga gida. Ta haka aka samu ba da tazara mafi inganci a tarihin ƙasar nan, wato tazara tsakanin fayil da mai sa hannu.

Yanzu sai ma'anar aiki. Aikin ofis, a asalinsa, rukuni biyu gare shi: zuwa da tashi. Abin da ke tsakaninsu cikon lokaci ne, kamar sa hannu a rajista, zagayen gaisuwa, aiken masinja wajen mai ƙosai, da duba waya a ga ko albashi ya shigo. Gogaggen ma'aikaci ya san ba dole ne shi da kansa ya zauna ba. Ya isa ya ajiye hula a kan tebur, ya ɗora tabarau a kan buɗaɗɗen fayil, ya bar fanka tana juyawa. Duk wanda ya leƙo za a ce masa, "Yana nan, ya ɗan zaga ne." Akwai hulunan da suka yi shekara 35 suna wannan hidima ba tare da an taɓa ba su takardar tuhuma ba, suka yi ritaya cikin mutunci. Adalci ya sa a ambata cewa a kowane ofis akwai mutum ɗaya da ke yin aikin sauran. Shi wannan muhawarar ba ta shafe shi ba, domin ko a gida yake, ko a gadon asibiti, ko a wajen ɗaurin auren ƙanwarsa, za a same shi a waya.

Masu cewa aiki daga gida bidi'a ce ta 'yan zamani ba su karanta tarihi ba. A 1665 annoba ta sa an rufe Jami'ar Kambirij a Ingila, wani ɗalibi mai suna Isaac Newton ya koma ƙauyensu. A zaman gidan nan ne ya yi tunanin da ya haifar da bayaninsa kan haske, da sabon reshen lissafi, da dalilin da ya sa abu in ya faɗo ƙasa yake nufa. Da a ofis yake lokacin da tuffar da ake cewa ita ta sa shi wannan tunani ta faɗo, da an buɗe mata fayil, an kafa kwamiti, kwamitin ya nemi ƙarin wa'adi.

Mu ma muna da namu magabatan. A Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi. Waɗannan bayin Allah ba su taɓa cunkushe hanya da safe ba, ba su taɓa neman hutun shekara ba, ba su taɓa yi wa abokin aiki tari a fuska ba. Shekara huɗu kafin korona sun riga sun ƙware a abin da duniya ta zo tana koyo da kyar. Maimakon a karrama su, sai aka kira su ma'aikatan bogi. A Agustan 2017 kuma, bayan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya dawo daga jinyar sama da kwana 100 a Landan, fadarsa ta bayyana cewa zai yi aiki daga gida domin ɓeraye sun yi ɓarna a ofishinsa. Wannan ya zama madogara ga masu nazari. Idan ɓera ya isa hujja, ƙwayar cuta ma ta isa. Bambancin kawai shi ne ɓera ana iya ɗana masa tarko.

Amma ainihin malaman fannin suna cikin gidajenmu. Da gwamnati ta ce ta kafa dokar kulle, matan Hausawa ba su ji wani sabon abu ba, ko kalmar ma tasu aka ara ba a yi godiya ba. Tun kaka da kakanni suke matsar mai, suna tuyar ƙuli-ƙuli, suna ɗinkin hula, suna dakan fura, suna tafiyar da adashin da ba a taɓa jin ya nemi tallafin Babban Banki ba, duk daga tsakar gida. Suna da sashen sayarwa, suna da sashen karɓo bashi, kuma duka sassan biyu yarinya ɗaya ce da faranti a ka. Maigida ya yi mako biyu kacal a irin wannan zama, ya fara ciwon baya, ya fara tambayar me ya sa ake zuba mai da yawa a miya. Masu goyon bayan aiki daga gida ba su cika tuntuɓar uwargida ba. Da sun tuntuɓe ta, da sun ji cewa babbar fa'idar ofis ita ce yana ɗauke mata mutum daga takwas zuwa huɗu.

Ta fuskar bincike, wanda aka fi ambata shi ne na Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa, a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai. Sun tura wasu masu amsa waya gida na tsawon wata tara, suka ga aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. Bincike ne mai kyau, sai dai yana da naƙasu guda: an yi shi ne a inda ake da wuta. A wajenmu, inda mutum sama da miliyan 200 ke rabon megawat kusan 4,000, aiki daga gida yana farawa ne da jiran ihun yara na "An kawo!" Daga nan a ruga a jona kwamfuta, da waya, da fitila, da wayar maƙwabci. Kafin kwamfutar ta gama buɗewa an ɗauke. Sai a tayar da inji, maƙwabci ya tayar da nasa don kada a raina shi, unguwa ta ɗauki ruri. Sabis kuma a yawancin gidaje wuri ɗaya yake zama, kusa da turken akuya ko bayan banɗaki, kuma sai an ɗaga hannu sama. Saboda haka ma'aikacin da ya ce yana aiki daga gida, a zahiri yana aiki ne daga kan katanga.

Binciken ya gano wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Waɗanda suka zauna gida, duk da ƙarin ƙoƙarinsu, an fi mantawa da su wajen ƙarin girma. Wannan bai ba kowa mamaki a nan ba. Mun daɗe da sanin cewa zumunta a ƙafa take, ƙarin girma kuma a gwiwa.

Sai batun taro. Manhajar Zoom, wadda masu shiga tarukanta a rana ba su wuce miliyan 10 ba a Disambar 2019, ta kai miliyan 300 a Afrilun 2020. Har Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta intanet a Mayun wannan shekarar. Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa, kuma ƙwararru sun tsara yadda ake kashe su. Goma na farko na jiran shugaban taro ne, wanda ɗansa ke neman masa inda ake dannawa. Biyar na addu'ar buɗewa. Goma sha biyar na gaisuwa, domin ba ya yiwuwa a ga babban sakatare a allo a wuce shi ba a tambayi iyali da gajiya da zafi ba, kowa kuma da nasa layin. Sauran goman na "Kuna ji na?" ne, da "Ranka ya daɗe, ba a jin ka, ka buɗe makirufo," da zakaran wani da ya ba da gudummawarsa ba a nema ba. Daidai lokacin da aka ce a karanta bayanin taron baya sai layi ya yanke. Waɗanda suka halarci taruka iri biyun sun tabbatar cewa abin da ake cim ma daidai yake da na taron ido da ido. Asarar kawai ita ce babu lemo, babu naman kaza, babu ambulan ɗin alawus, wato an cire wa taro ransa an bar gangar jiki. An dai samu ragin kuɗin wanki, tunda babbar riga da hula a sama sun wadatar, abin da ke ƙasa tsakanin mutum da Mahaliccinsa ne. A Amurka ma, a Fabrairun 2021, wani lauya a jihar Texas ya bayyana gaban alƙali da fuskar kyanwa saboda wani abu da aka danna a kwamfutar, har sai da ya yi wa kotu bayanin cewa shi ba kyanwa ba ne. Kotu ta karɓi bayanin.

Wannan ya kawo mu ga wanda ya fi kowa shan wahala, wato oga. Ana zaton yana tsoron kada aiki ya tsaya ne. Ba haka ba ne, ya fi kowa sanin inda aikin ya tsaya da shekarar da ya tsaya. Abin da ya rasa shi ne mutum uku da ke rige-rigen karɓar jakarsa a bakin mota, da miƙewar da ake yi idan ya shigo, da "Allah ya ja zamanin yallaɓai" a kowace kwana ta baranda. A Zoom ba a rusunawa, wanda ya gwada ma sai ya ɓace daga allo, a ɗauka layinsa ne ya yanke. Kuma hoton oga da na ƙaramin akawu girmansu ɗaya, abin da babu wata doka ta aikin gwamnati da ta tanada. A gida kuwa oga ba oga ba ne, baban Ummi ne, ana iya aikensa sayo maggi. Kada a ce wannan ciwon namu ne kaɗai. Kamfanin Twitter ya gaya wa ma'aikatansa a Mayun 2020 cewa suna iya zama gida har abada, sai Elon Musk ya saye shi a 2022, aka gano cewa har abada shekara biyu da rabi ce. A Agustan 2023 shi kansa Zoom ya umarci ma'aikatansa da ke kusa da ofis su riƙa zuwa kwana biyu a mako. Da ma an ce in kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.

Akwai kuma wani rukuni da muhawarar ta ɗan tsallake, waɗanda ba su wuce mafi yawan jama'a ba. Ko a Amurka, masana tattalin arziki na Jami'ar Chicago sun ƙiyasta cewa kashi 37 cikin ɗari na ayyuka ne kawai ake iya yi daga gida. A Kano, inda kulle ya fara ranar 16 ga Afrilu, 2020, azumi kuma ya same shi a hanya bayan mako guda, an gwada tsarin a kan kowa da kowa. Mai ga-ruwa ya yi iya ƙoƙarinsa ya tura kura daga ɗaki, ruwa bai isa ko'ina ba. Ɗan dako na Kantin Kwari ya zauna a gida da gammonsa a shirye. Mai a-daidaita-sahu ya tayar da kekensa a ƙofar gida, ya yi hon sau biyu, ya kashe. Waɗannan su ne shugabannin kansu, sun kuma ba kansu izinin aiki daga gida ba tare da wata gardama ba, ciki ne kawai ya ƙi sa hannu. Da aka ga haka sai aka buɗe gari ranakun Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i, mutanen kwana uku suka haɗu a kasuwa rana ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Bisa dukkan alamu an aika wa cutar kwafin jadawalin.

Saboda haka amsar tambayar ita ce e, a bar wanda aikinsa zai yiwu daga gida ya zauna gida, a kuma ba shi kuɗin data da na man inji, tunda wutar ofis da ruwan ofis da fankar ofis duk ya yafe su. Don kada oga ya shiga wani hali, a tsara yadda kowace safiya mutum biyu za su kira shi bi da bi su gaishe shi, su ce ofis ya yi duhu da babu shi. Kujeru kuma kada a bar su haka nan. Kowane ma'aikaci ya aika da hularsa a ajiye masa a kan tebur, tunda bincike bai taɓa samun hula da zazzaɓi ba, ita ce kuma da ma ta san aikin. Abin da ya rage a warware shi ne wanda zai kai hulunan, domin masinja ɗan mataki na 3 ne, yana gida yana aiki.