Zuwa ga Bajamushen Bazaga

Taubashi! Tun ran da mota ta sauke ka a Ƙonni labari ya riga ka isowa gida: wai ɗan Goggo ya shiga ajin Jamusanci can jami'a, har ya ci jarrabawar A1. Goggo ta raba goro. Ni ma na karɓi nawa, amma sai da na tambaya aka ce mini matakan shida ne, daga A1 har C2, kuma naka shi ne na ƙasa duka. Ashe ko tsani ba ka hau ba, jingina shi kawai ka yi. An ce A1 ita ce takardar da Jamus ke nema wajen wanda zai bi matarsa can ya zauna. To ina matar, bawana?

Daren jiya a dandali ka hana mu shan shayi. Ka ce in Bajamushe zai ce "i" sai ya ce "ja". Mu nan jaki ake ce wa ja, shi ma sai da sanda. Aka tambaye ka sunan saniya, ka dubi dattawa ido cikin ido ka ce "ku". Allah ya so ka, na yi maza na bayyana musu cewa haka kalmar take, Kuh ake rubuta ta, da yanzu Kawu ya aika a kira Goggo.

Abin da ya fi ba ni dariya kukan da kake yi da der, die, das. Namiji, mace, da na uku wanda ba namiji ba mace ba. Cikin na ukun nan suka jefa budurwa, das Mädchen, alhali albasa, die Zwiebel, mace ce cikakkiya. Wannan kam ban ga laifinsu ba, duk wanda ya ga albasar Galmi ta cika buhu ya san ta cancanci girmamawa. Amma kai da kake ta fassara kome daga Faransancin lakwal, dubi nan: Bafaranshe ya ce rana namiji ce, wata mace. Bajamushe ya ce die Sonne, der Mond, rana mace, wata namiji. Wa ya faɗi haka tun kafin a haife ka? Kakarmu, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Rana ta fito, wata ya tsaya. Harshen da ka tsotsa ya fi Faransancin mushe kusa da abin da kake nema, kai kuwa ka bar shi a ƙofar aji kamar takalmi.

Ƙidaya ma haka. Kana gunaguni wai 21 sai an ce ɗaya-da-ashirin, einundzwanzig. Da ka zauna makarantar allo maimakon bin ƴan tallan rake, da ka san Larabawa ma haka suke ƙirga ta.

Inda na tausaya maka shi ne aikatau da ke gudu ƙarshen jimla in an fara da weil ko dass. Mutum ya yi ta zuba, sai ya kusa shiɗewa a ji abin da ya aikata. Sai dai wannan halinka ne tun kana yaro: in ka zo rance, gaisuwa da labarin damina ke gaba, buƙata na can ƙurya.

Ka kuma rage ɗaga hanci, don Jamusawa ne suka fara zuwa koyon namu. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Agadas, Katsina da Kano, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, kuma da Hausa yake hira a hanya. Da zai koma Turai a 1855 ya tafi da Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram. Daga bakin yaron nan wani Bajamushe, Schön, ya kwashi Hausa mai yawa, ya fitar da littafin nahawu a 1862. Har yau ana koyar da Hausa a jami'ar Hamburg, kuma tun 1963 Muryar Jamus ke magana da mu da harshenmu. Ka ga ɗan ƙasarmu ya koyar da su ba tare da A1 ba.

An ce kafin mutum ya kai B1, inda zai iya ciniki da gardama shi kaɗai, sai ya zauna darasi aƙalla 350. Kai da ko noman gayya ba ka kai azahar, zan so in ga wannan zama. In ka kai, ni zan yanka maka zakara.

Kafin nan, maganar kuɗin shara tana nan tsakaninmu tun bara. Ka zo gida gobe da hantsi mu ƙare ta da Hausa, kada ka kai mini aikatau ƙarshen jimla.